Gyaran Ƙashin Fuska: Abin da Tiyata Take Iya Gyarawa da Abin da Ba Ta Iya Mayarwa

Idan mutum ya tsaya gaban madubi ya ce haɓarsa ta noƙe ciki, ko muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarto gaba, ko gefe ɗaya na fuskarsa ya fi ɗayan faɗi, abin da idonsa yake gani fata ce da naman da ke ƙarƙashinta, amma sau da yawa abin da yake kuka da shi yana can ƙasa, a jikin ƙashi. Fuskar ɗan Adam tana zaune ne a kan ƙasusuwa 14, kuma guda ɗaya tak ne a cikinsu yake motsi, wato muƙamuƙin ƙasa, wanda ke rataye da mahaɗa biyu a gaban kunnuwa. Sauran duk a manne suke da juna da kuma ƙoƙon kai. A cikin waɗannan ƙasusuwa haƙora suke dashe, ta tsakaninsu iska take bi zuwa maƙogwaro, a kansu gurbin ido yake zaune, kuma ta cikin ramukansu jijiyoyin da ke kai ji ga leɓe da kunci da haɓa suke ratsawa. Saboda haka duk wanda ya taɓa ƙashin fuska, ko da neman kyau ne kaɗai ya kawo shi, to ya taɓa tauna da magana da numfashi da ji a lokaci guda.

Wannan ne ya sa nake ganin tambayar da yawancin mutane suke fara yi, wato wace tiyata ce za ta gyara mini kaza, ta zo da wuri. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne inda matsalar take. Mu ɗauki haɓar da ta noƙe. Wani mutumin, ɗan ƙashin da ke bakin haɓarsa ne kawai ya kasance ƙarami, alhali muƙamuƙinsa da haƙoransa suna zaune daidai. Wani kuma muƙamuƙin ƙasa ne gaba ɗayansa ya gajarta, har haƙoransa na sama suka yi wa na ƙasa nisa. Wani na uku muƙamuƙinsa na ƙasa lafiya lau yake, na sama ne ya yi tsawo zuwa ƙasa fiye da kima, ya tilasta wa na ƙasan juyawa baya, shi ya sa in ya yi murmushi dasashinsa yake bayyana da yawa, kuma leɓɓansa ba sa haɗuwa sai ya matse su. Mutum uku ne masu kuka iri ɗaya, amma maganin kowannensu daban ne, kuma in aka yi wa na biyu ko na uku aikin da ya dace da na farko, an rufe ciwo ne da kyalle. Haka abin yake ga mai faɗin fuska: yana iya zama kusurwar ƙashin ce ta buɗe, ko tsokar tauna ce ta yi kauri, ko kuwa kitse ne kawai.

Likitan da ya san aikinsa yakan fara ne da duba cizo, wato yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa. Tun a 1899 wani likitan haƙori ɗan Amurka mai suna Edward Angle ya kasa cizo gida uku bisa yadda turamen farko na sama da na ƙasa suke zama a kan juna, kuma har gobe da wannan rabon ake aiki: na ɗaya shi ne wanda turame suke daidai, na biyu wanda na ƙasa suka koma baya, na uku wanda na ƙasa suka wuce gaba. Daga nan sai hoton ƙashi na gefen kai, wanda ake auna kusurwoyi da tsawo a kansa, sai hoton na'urar CT mai nuna ƙashin ta kowane ɓangare, sai kuma kwafin haƙora. A manyan cibiyoyi ana shigar da waɗannan duka cikin kwamfuta, a yanka ƙashin a kan allo, a matsar da shi, a ga inda haƙora za su sauka, kafin wuƙa ta taɓa mutum. A nan zan ɗan tsaya in faɗi wani abu da ya shafi zamaninmu: hoton da mutum yake ɗaukar kansa da waya ba ma'auni ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar kimanin santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga nesa. Abin da ya fi kusa da kyamara yakan kumbura, na nesa ya ƙanƙance, kuma da yawa daga cikin masu zuwa da ƙorafi a kan siffar fuskarsu da irin wannan hoton suke zuwa.

Babbar tiyata a wannan fanni ita ce ta matsar da muƙamuƙi, kuma tarihinta yana taimakawa wajen fahimtar yadda take aiki. A 1849 wani likita a garin Wheeling na Amurka, Simon Hullihen, ya yanka muƙamuƙin ƙasa na wata budurwa wadda tabon ƙunar wuta da ta samu tun tana ƙarama ya janye mata shi ya lanƙwasa, ya mayar da shi mazauninsa, kuma wannan ne aikin da ake ƙirgawa a matsayin na farko. Sai dai ilimin da ya buɗe hanya ga muƙamuƙin sama ya fito ne daga wani wuri dabam. A 1901 René Le Fort, likitan fiɗa a birnin Lille na Faransa, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kawunan gawawwaki, inda ya gano cewa idan duka mai ƙarfi ya sauka a fuska, ƙashin ba ya karyewa barkatai, akwai layuka uku masu rauni da karaya take yawan bi. Na farko yana bi ta saman saiwoyin haƙoran sama da gindin hanci. Na biyu yana hawa har karan hanci. Na uku yana ratsa gurbin idanu ya raba fuska gaba ɗaya da ƙoƙon kai. Likitocin da suka zo bayansa sai suka ga cewa inda ƙashi yake karyewa da kansa, nan ne ya fi dacewa a yanka shi da gangan, kuma shi ya sa har yau waɗannan ayyuka suke ɗauke da sunansa.

Aikin Le Fort na ɗaya shi ne wanda aka fi yi. Likita yana shiga ta cikin baki, ta saman dasashi, ya yanka ƙashin a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, ya saki muƙamuƙin sama tare da haƙoransa da ganda a matsayin abu guda. Da zarar ya saku, ana iya tura shi gaba ga wanda tsakiyar fuskarsa ta lotsa, ko a ɗaga shi sama ga mai dogon muƙamuƙi, ko a daidaita shi ga wanda gefe ɗaya ya fi ɗayan sauka. An daɗe ana tsoron wannan aiki saboda fargabar ƙashin da aka raba da mazauninsa zai mutu don rashin jini, har sai da wani likita ɗan Amurka, William Bell, ya nuna ta hanyar gwaje-gwajen da ya yi a ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970 cewa naman ganda da dasashin da aka bari a manne suna isar da jinin da zai raya shi.

Shi kuwa muƙamuƙin ƙasa, dabarar da ta zama ruwan dare a yau ta fito ne daga Richard Trauner da Hugo Obwegeser, waɗanda suka bayyana ta a shekarun 1950, kuma wani likita ɗan Italiya, Dal Pont, ya ƙara mata gyara a 1961. Maimakon a datse ƙashin kamar yadda ake datse itace, ana tsaga shi ne a tsaye a bayan turame, ta gefe biyu, kamar yadda ake tsaga rake gida biyu. Sai ɓangaren da ke ɗauke da haƙora ya zama yana iya zamewa gaba ko baya, alhali fuskokin tsagin biyu suna nan a jingine da juna, wanda hakan yake ba su fili mai faɗi na haɗewa. Kyawun dabarar ke nan, kuma da yake ta cikin baki ake yin ta, ba ta barin tabo a fuska. Obwegeser ɗin nan, wanda ya yi yawancin aikinsa a birnin Zurich, shi ne kuma ya fara matsar da muƙamuƙan biyu a zama ɗaya, kuma yau hakan ake yi wa duk wanda matsalarsa ta shafi sama da ƙasa. A da, bayan aiki sai a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na tsawon kimanin mako shida, mutum ba ya iya buɗe baki. Yanzu ana riƙe ƙashin da ƙananan farantai da sukurori na ƙarfen titaniyam, waɗanda galibi a jiki suke zama har abada, sai a sa 'yan robobi a haƙora su riƙa yi wa cizon jagora.

Abin da masu talla ba sa son nanatawa shi ne cewa ranar tiyata ɗan guntu ce a cikin doguwar tafiya. Mutumin da ya girma da karkataccen muƙamuƙi, haƙoransa sun riga sun karkata don su rufe giɓin: in na ƙasa ya zarto, haƙoran ƙasa sukan kwanta ciki, na sama su leƙo waje. Idan aka matsar da ƙashin a haka, haƙoran ba za su haɗu ba. Don haka sai likitan jera haƙora ya sa masa waya na tsawon shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya miƙar da kowane haƙori a kan ƙashinsa, kuma a wannan lokaci fuskar takan ƙara muni a ido, domin an cire abin da yake ɓoye matsalar. Wanda ba a yi wa wannan bayani tun farko ba yakan zaci an ɓata shi ne. Bayan tiyata kuma akwai wasu watanni na waya don kammala cizon. Gaba ɗaya ana maganar shekara biyu ne ko fiye. Akwai tsarin da ake fara yin tiyata kafin waya, amma ba kowa ya dace da shi ba. Sannan akwai batun shekaru: ba a yin wannan aiki don gyaran siffa sai ƙashi ya gama girma, wanda a mata yakan kasance wajen shekara 16 zuwa 18, a maza kuma yakan kai 18 zuwa 21, musamman ga mai zartaccen muƙamuƙin ƙasa, domin shi ne ƙashin da yake jinkirin tsayawa. In aka yi gaggawa, girman da ya rage zai warware aikin.

Jinyar ma tana da nauyinta. Mutum yakan kwana ɗaya zuwa uku a asibiti, kumburi ya kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, mafi yawansa ya saɓe cikin 'yan makonni, amma saurarsa yakan ɗauki watanni. Kimanin mako shida ba a tauna, sai abin sha da mai laushi irin su kunu, koko, fura da nono da aka dama sosai, da romo, kuma kusan kowa yakan rame. Haɗarin da ya fi yawa a aikin muƙamuƙin ƙasa shi ne na jijiyar da take bi ta cikin ƙashin, daidai inda ake tsagawa, ta fito kusa da haɓa ta kai ji ga leɓen ƙasa. Kusan kowa yakan farka da leɓen da ba ya jin taɓi. Yawancinsu jin yana dawowa a hankali cikin watanni, amma akwai waɗanda wani ɓangare na leɓensu ko haɓarsu ba ya sake farfaɗowa, kuma wannan ya fi faruwa ga masu manyan shekaru. Leɓen yana motsi yadda ya saba, domin wata jijiya ce daban take motsa shi, sai dai mutum yana iya zubar da ruwa a haɓarsa bai sani ba. A muƙamuƙin sama kuma abin tsoro shi ne zubar jini, domin manyan hanyoyin jini suna bayansa, sannan gindin hanci yakan buɗe in ba a ɗaure shi ba. Ga kuma yiwuwar ƙashin ya ɗan koma inda ya fito saboda jan tsoka, ko mahaɗar gaban kunne ta fara ciwo, ko farantin ya kamu da ƙwayoyin cuta a koma a cire shi. Mai shan taba da mai ciwon suga da ba a shawo kansa ba sun fi kowa fuskantar jinkirin warkewa.

Duk da wannan jerin haɗura, ina ganin ga wanda yake buƙatar aikin da gaske, yana daga cikin ayyukan da suka fi sauya rayuwa. Mutumin da bai taɓa gutsurar nama da haƙoran gaba ba saboda ba sa haɗuwa, ko wanda harufa suke kuɓuce masa in yana magana, ko wanda yake kwana da baki buɗe, yana samun abin da ya wuce kyau. Har ma ana amfani da aikin wajen maganin cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda alamarta ta farko ita ce minshari mai tsanani: ana jawo muƙamuƙan biyu gaba da kimanin milimita 10, harshe da ganda su biyo su, hanyar iska ta buɗe.

Ƙasa da wannan a nauyi akwai aikin haɓa kaɗai, ga wanda cizonsa yake daidai. Hanya biyu ce. Ta farko a yanka bakin ƙashin haɓar a ƙarƙashin saiwoyin haƙora, a zamar da shi gaba, ko a rage masa tsawo, ko a dawo da shi tsakiya in ya karkace, a riƙe da faranti. Ta biyu a ɗora wani abu a kan ƙashin, na silikon ko na wata irin roba mai ƙananan ƙofofi da nama yake shiga cikinsu. Dashen ya fi sauƙi da sauri, kuma na silikon ana iya cire shi ba da wahala ba, amma baƙo ne a jiki: yana iya gocewa, yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta ko bayan shekaru, kuma an san yana cin ƙashin da ke ƙarƙashinsa sannu a hankali saboda dannawa. Yankan ƙashin kuwa ya fi jinya, amma abin da ya haɗe na mutum ne, kuma shi ne yake iya gyara tsawo da karkata. Haka zaɓin yake a ƙashin kunci da kusurwar muƙamuƙi, inda yanzu ake iya ƙera dashe daidai da siffar ƙashin mutum daga hoton CT ɗinsa.

Sai kuma ayyukan ragewa, waɗanda a nan ne hankalina ya fi tashi, kuma Koriya ta Kudu ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa nuna inda abin yake kaiwa. A can, siririyar fuska mai tsinin haɓa ta zama abin yayi, kuma unguwar Gangnam a birnin Seoul ta cika da asibitocin da suke datse kusurwar muƙamuƙi, su yanke tsakiyar haɓa su matse ta, su karya ƙashin kunci su tura shi ciki. Hatta aikin muƙamuƙai biyu, wanda aka ƙirƙira don masu matsalar cizo, an riƙa tallata shi ga masu lafiyayyen cizo a matsayin hanyar ƙanƙantar da fuska. A farkon 2014 hukumomi sun ci wani asibiti a Gangnam tara saboda ya tara gutsattsarin ƙasusuwan da ya yanke wa mutane a cikin dogayen gilasai ya baje su don nuna gwaninta. A 2016 kuma wani ɗalibin jami'a ya rasu sakamakon zubar jini bayan aikin rage muƙamuƙi a wani asibiti a Seoul, kuma hoton kyamarar ɗakin tiyata, wanda mahaifiyarsa ta dage har ta samu, ya nuna cewa likitan da aka yi yarjejeniya da shi ya bar ɗakin, an bar ɗalibin a hannun wasu, ciki har da mataimakan jinya, jini yana zuba. Gwagwarmayar wannan uwa tana daga cikin abin da ya sa majalisar ƙasar ta zartar da doka a 2021 mai tilasta sa kyamara a ɗakunan tiyata inda ake sa wa mutum maganin barci, dokar da ta fara aiki a watan Satumba na 2023.

Ko da aikin ragewa ya tafi lafiya, yana da wata illa da ba ta bayyana sai daga baya. Ƙashi shi ne dirkar da take riƙe da nama da fata. In aka rage dirka, rufin bai ragu ba, don haka kumatu sukan zubo, ƙasan haɓa ya saki, kuma da yake ƙashin fuska yana raguwa da kansa yayin da mutum yake tsufa, abin da aka datse a shekara 22 za a neme shi a shekara 50. Ƙashin da aka matsar ana iya sake matsar da shi, ko da da wahala. Wanda aka yanke aka yar kuwa sai dai a cike gurbinsa da dashe. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan, kuma ina ganin duk mai lafiyayyen cizo da aka ce za a datse masa ƙashi ya kamata ya ji wannan bayani daga bakin likitan kafin ya sa hannu a takarda.

Akwai hanyoyin da ba sa taɓa ƙashi, kuma ba sa buƙatar dogon bayani. Allurar ciko tana iya ƙara wa haɓa ko kunci ɗan tudu na wasu watanni zuwa shekara ɗaya da wani abu, allurar Botox tana rage kaurin tsokar tauna na 'yan watanni, ana kuma iya ɗebo kitsen mutum daga cikinsa a zuba a fuska. Suna da amfani wajen ƙaramin gyara, amma ba sa gyara cizo, kuma allurar ciko da ta shiga hanyar jini tana iya kashe fata ko ta makantar da ido, don haka ba aikin shagon kwalliya ba ne.

A ƙasashenmu wannan ilimi yana da wata fuska da ta fi gaggawa. Sassan tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitocin koyarwa a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri sun fi cika da waɗanda suka karye a haɗarin babur da mota, da masu ƙarin da yake kumbura muƙamuƙi wanda aka bari har ya girma, da yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganda, da kuma waɗanda muƙamuƙinsu ya manne da ƙoƙon kai. Wannan na ƙarshe yakan faro ne daga faɗuwa a kan haɓa tun ana yaro, ko ciwon da ya ruɓe kusa da kunne: mahaɗar ta daskare, bakin ya daina buɗewa, kuma da yake a nan ne cibiyar girman ƙashin take, muƙamuƙin ya tsumbure. Ga kuma cutar noma mai zaizaye fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, wadda sunanta ya samo asali daga harshen Girkanci ba daga aikin gona ba. Asibitin yara masu wannan cuta da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, yana daga cikin 'yan ƙalilan irinsa a duniya, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023. Ga irin waɗannan marasa lafiya ake amfani da dabaru mafi zurfi. Ɗaya ita ce jan ƙashi, wadda Gavriil Ilizarov ya ƙware a kanta a ƙafafu a garin Kurgan na Rasha, Joseph McCarthy kuma ya kawo ta muƙamuƙi a 1992: ana yanka ƙashin, a sa masa na'ura, a riƙa buɗe tsagin da kimanin milimita ɗaya a kullum, sabon ƙashi yana tsirowa a tsakani. Wata kuma ita ce a ɗebo siririn ƙashin ƙwauri tare da hanyoyin jininsa a gina sabon muƙamuƙi da shi, aikin da David Hidalgo ya bayyana a 1989.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne cutar sikila. Ɓargon mai sikila yana aiki fiye da kima don maye jinin da yake lalacewa, kuma hakan yakan faɗaɗa muƙamuƙin sama, haƙoran gaba su fito. Sai dai a wannan tiyata likitan sa barci yakan sauke hawan jini da gangan don rage zubar jini, abin da yake da haɗari ƙwarai ga mai sikila. Irin wannan mara lafiya yana buƙatar likitan jini a cikin shawarar tun daga ranar farko, kuma sau da yawa wayar haƙori kaɗai ta fi masa.

Kafin wuƙa, akwai kuma abin da ke cikin zuciya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata larura da take sa mutum ya shagala da wani aibi a jikinsa wanda wasu ba sa gani ko suke ganinsa ƙarami, ya kwashe sa'o'i a gaban madubi, ya guje wa mutane. Mai wannan larura tiyata ba ta kwantar masa da hankali, yakan fito daga wannan aiki ya shiga neman wani, kuma maganinsa yana wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan fiɗa na ƙwarai yakan gane shi, ya ƙi yi masa aiki. Ta fuskar addini kuma malamai sun daɗe da bambance gyaran aibi da sauya halitta. Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfajata ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na 2007 a Putrajaya ta Malesiya, ta halatta tiyatar da take mayar da gaɓa siffarta ko aikinta na asali, ko take gyara aibin haihuwa ko na haɗari, ta kuma hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar siffa saboda son rai ko kwaikwayon wasu. Abin lura shi ne wannan iyaka ta yi kusa ƙwarai da wadda likitan kirki yake shatawa da hoton ƙashi da ma'aunin cizo.

Saura batun fita waje, domin masu hali da yawa suna nufar Turkiyya, Indiya, Masar ko Koriya, kuma a waɗannan ƙasashe akwai ƙwararru na gaske. Matsalar tana cikin tsarin da ake sayar da aikin a dunƙule da tikiti da otal, a yi wa mutum tiyata ya hau jirgi bayan kwana goma. Aikin muƙamuƙi ba ya shiga wannan ma'auni, tunda likitan jera haƙora da likitan fiɗa dole su tsara shi tare tun kafin a sa waya, kuma matsalolin da suka fi wahala, irin su cizon da ya goce, sukurin da ya saki, ko kumburin da ya fara tara mugunya, sukan bayyana ne a mako na uku ko wata na uku, lokacin da mutum ya riga ya dawo gida. Wanda zai yi wannan tafiya yana buƙatar sanin sunan likitan da zai riƙe wuƙar da kansa da rajistarsa a hukumar likitocin ƙasar, da sanin ko asibitin yana da ɗakin kulawa ta musamman da ajiyar jini, sannan ya dawo da rahoton aikin a rubuce, da hotunan ƙashinsa na kafin aiki da na bayansa, da bayanin irin farantan da aka sa masa, domin kowane kamfani da irin kan sukurinsa, kuma likitan da zai karɓe shi a Kano ko Yamai ba zai iya kwance abin da ba shi da makwancinsa ba.